Magada a Bakin Inna

Da Baba ya rasu bai bar mana komai mai yawa ba, sai gidanmu na Umdurman da rumfar walda a Mantiƙa Sinaiya, unguwar masu sana'a, inda ya ƙarar da ƙarfinsa da rabin ganinsa. Babu wanda ya tayar da maganar gado sai da Inna ta fita takaba. A lokacin ne ƙanena, wanda ke bi na, ya tsallako gadar kogin Nilu har unguwar Alsahafa ta Khartum inda nake aure. Ya ce an samu mai hayar rumfar, amma mutumin ya ƙi sa hannu sai ya ga takardar kotu mai nuna su waye magada. Da kuɗin hayar nan Inna za ta ci abinci, don haka washegari muka ɗauke ta a raksha, keke mai ƙafa uku, muka nufi kotu.

Ni a Khartum aka haife ni, da Larabci nake faɗa da mai kanti, amma na kotu wani iri ne daban. A ƙofar shiga akwai masu rubuta wa mutane buƙatunsu, kowa da teburinsa a inuwa, ana ce musu ardahalji. Wanda muka samu ya ce abin da muke nema sunansa i'ilam, wato takardar magada. Kafin a ba mu sai mun shigar da ɗalab, roƙo a rubuce. Ɗalab ba ya tafiya sai an biya rusum, kuɗin kotu ke nan, a karɓo rasit. Rasit ma bai isa ba sai an manna wa takardar wani ɗan kan sarki da suke kira damga. Inna tana zaune a benci tana kallon yadda yake lasa yana mannawa.

"Ashe takarda ma sai an sa mata lalle kafin ta ga alƙali," in ji ta.

Muka yi dariya, muka biya, aka sa mana ranar zama. Baffa, ƙanen Baba, da wani tsohon maƙwabcinmu suka yarda su tsaya shaida. Ni dai a ganina magana ta ƙare, don ban ga abin da zai hana ba.

Abin da na manta shi ne ni 'yar fari ce. Kakanninmu sun taso daga ƙasar Hausa da ƙafa za su Makka, suka yada zango a nan, zangon da ba a tashi ba har yau. Abubuwa da yawa sun zube a hanya. 'Ya'yana in sun fara magana da Hausa, kafin su kai ƙarshe sun faɗa Larabci. Amma kunyar ɗan fari ta iso Sudan lafiya lau, ko ƙwarzane babu. Tun da na yi wayo ban taɓa jin Inna ta kira sunana ba. In ina kusa, "ke" ce. In ina nesa, "yarinyar nan", ko da kuwa ina goye da nawa ɗan. Akwai wata 'yar maƙwabta da muke suna ɗaya, ita ma abin ya shafe ta, Inna "mai sunan waccan" take ce mata. Ban taɓa ɗaukar abin da zafi ba, haka uwar kowa take a layinmu.

Ranar zama alƙalin da muka samu mutum ne mai sanyin murya, Balaraben arewacin Sudan, da gani bai taɓa zama da mutanenmu ba. Shaidu suka yi nasu. Sai ya juyo wajen Inna, tunda da sunanta aka shigar da ɗalab, ya sa ta rantse, ya ce ta lissafa 'ya'yan mamacin ɗaya bayan ɗaya, tun daga babba. Inna ta gyara mayafinta ta fara da ƙanena. Ta bi su tiryan-tiryan har auta, ta tsaya nan.

Alƙali ya duba takarda, ya dube ta. "Ya hajja, saura ɗaya."

"Ga ta nan zaune," ta ce da Larabci, ta nuna ni da haɓa.

"Sunanta nake so."

"Ai yana rubuce a gabanka."

Ya ce ya san yana rubuce, ardahalji ne ya rubuta, shi kuwa ardahalji bai haifi kowa ba. Daga bakinta yake son ji, a kan rantsuwa. Inna ta sa ido a ƙasa kamar mai neman allura. Baffa ya miƙe zai yi bayani, aka ce ya zauna, ya riga ya gama shaidarsa. Na ga fuskar alƙalin ta canja. A aikinsa, uwar da ta ƙi faɗin sunan 'ya a zaman gado tana nufin wani abu ne: ko 'yar ba ta mamacin ba ce, ko ana son a cire ta. Ya kalle ni da tausayi, kuma wannan kallon ya fi komai ƙona mini rai. Ya ɗage zaman, ya ce in aka dawo aka maimaita haka zai yi shaɗbi, wato ya soke ɗalab ɗin, mu koma ƙofa mu sake daga farko da sabon rusum.

Ni kuwa ba a san ni da haɗiye magana ba, muna shiga gida na sauke mata abin da ke raina. Na ce a gaban bainar jama'a an mai da ni kamar tsintacciya. Na ce rumfa na rufe, mai haya zai gaji ya tafi, ita kuma tana riƙon abin da ko a can ƙasar Hausa wataƙila an daina. Inna ta hura gawayi ta ɗora shayi, kamar da bango nake yi. Sai da ta zuba ta miƙo mini kofi sannan ta ce, "Sunan yana nan. Ban yar ba."

Ƙanena ya koma wajen ardahalji neman dabara. Ya tambaya ko Inna za ta iya yin tawkil, ta wakilta shi ya yi magana a madadinta. Mutumin ya ce da tun farko ne da ya yiwu, amma yanzu alƙali ya sa shakka, ita yake son ji. Gwaggo, yayar Baba, ta zo ta goyi bayan Inna, ta ce tata uwar har ta koma ga Allah ba ta faɗi sunan ɗan farinta ba, kuma ba a fasa raba gado ba. Ƙanena ya ce, "Gwaggo, lokacin ai ba rusum ba damga." Ta ce ya rufe mata baki, yaro marar kunya.

Ni na koma Alsahafa, ban sake tayar da zancen ba. Fushin ya huce ya bar mini abin da ban zata ba. Na gane ba rumfar ce ke damuna ba. So nake in ji. Na kusa aurar da 'ya, amma ina kwaɗayin in ji yadda sunana yake a bakin uwata, kuma ina jin kunyar wannan kwaɗayin.

Ranar komawa na tsallaka gada da sassafe na same ta ta shirya, ta sa fararen kayan da ta yi aikin hajji da su. Ba ta ce mini za ta faɗa ba, ni ma ban tambaya ba. A benci muna jira tana ta jan carbi, ƙanena yana ta juya rasit a hannu.

Aka kira mu. Alƙali ya sake rantsar da ita, ya ce, a hankali, "Ya hajja, daga babba." Inna ta juya mini baya sosai, ta fuskanci bango, ta ja mayafi ta rufe rabin fuskarta. Sannan ta faɗa. Ba da Larabcin da ake kirana a makaranta da asibiti ba, yadda Baba yake faɗinsa ta faɗa, da muryarmu ta gida, ta ɗan ja ƙarshensa kamar mai kiran yaro daga ɗaki.

Ban san lokacin da na miƙe ba. "Na'am, Inna," na ce, da ƙarfi, a tsakiyar kotu.

Magatakarda ya ɗago kai, alƙali ya ajiye alƙalaminsa. Hawaye na zubo mini, na rasa inda zan sa fuskata. Inna ba ta juyo ba.

"Zauna, ke," ta ce da Hausa. "Wa ya kira ki?"