Sule Sakan, Mai Jan Murya Kamar Roba

Duk wanda ya san marigayi Sule Sakan ya san yatsunsa. Kana magana yana ƙyasta su, ƙyas, ƙyas, yana auna ka. Ko sallama ka yi, kafin ya amsa sai ya ce, "Ka makara da rabin sakan." Ni da muka tashi tare a zangon Salaga, shekara arba'in ina makara a wurinsa!

Ɗakin ɗaukar sautinsa na bayan kasuwar doya, kuma dokarsa ɗaya ce: ba a maimaita ɗauka. In ka yi sauri ko ka yi nawa, sai ya kamo muryarka a kwamfuta, ya ja ta ko ya matse ta har ta hau kan kiɗa. "Wa ke da lokacin maimaici? A ja shi kawai!"

Akwai wani makaɗin kalangu daga Yendi, Baba Yakubu, da hannunsa ke gudu kamar an biyo shi. Sule ya wuni yana bin bugun ɗaya bayan ɗaya, yana mayar da kowanne mazauninsa. Da aka kunna, Baba Yakubu ya dafe ƙirji.

"Kai! Wane gwani ne wannan?"

"Kai ne, Baba," in ji Sule, "da a ce kana da haƙuri."

Sai kuma Alhaji Issaka mai doya, da ya zo yin tallar rediyo ta sakan talatin. Alhaji ya fara da kakansa mai fataucin goro, ya gaida surukai, bai iso kan doya ba sai da ya ci minti biyu. Sule ya ce a rage. Alhaji ya ce ko harafi ba za a taɓa ba. To, Sule ya matse duka cikin sakan talatin, Alhaji na zuba kamar ruwa a kan kwano. Washegari sai ga Hajiya, matar Alhaji, da kanta a bakin ƙofa.

"Malam Sule, wannan abin da ka yi wa Alhaji, ana iya yi masa a gida?"

Sau ɗaya jan ya wuce kima. Wata mawaƙiyar biki daga Bawku, Adiza, ya ja muryarta har ta riƙa karkarwa. Na ce, "Sule, ka ɓata." Ya ce, "Salo ne." Wallahi mata suka riƙa kuka a bukukuwa, wai waƙar daga zuciya ta fito. Har yau Adiza na girgiza haɓa da gangan in tana rerawa, tana tsine masa a ranta.

Da mahaifiyata ta rasu, abin da ya rage min na muryarta saƙo ne a waya, gajere, tana tambaya ko na ci abinci. Na kai masa.

"Sule, ja min shi ya ƙara tsawo."

Ya saurara har sau uku. Sannan ya miƙo min wayar.

"Wannan ba a taɓawa, Mumuni. Yadda Inna ta ja numfashinta, haka za ka bar shi."

Allah Ya jiƙan Sule, Ya yalwata masa kabarinsa, Ya haɗa shi da Inna a Aljanna. Amin.