Koren Wake a Fadamar Kawu

Ina aiki a ofishin gona na Boɗinga aka ɗora mini gwajin koren wake. Iri-iri aka kawo cikin 'yan ƙunsuna, kowanne da lambarsa, aka ce in shuka su dabam-dabam in gano wanda zai jure zafinmu, a raba wa masu noman rani. Babu sauran iri a ajiye. Shi wannan wake ba a jira ya bushe. Da ɓawonsa ake ci yana ɗanye, a karya shi a ji ya ce ƙas, a duba ko yana da zare.

Na roƙi Kawu, ƙanen mahaifiyata, gefen fadamarsa a Shagari, na yi masa bayani dalla-dalla.

"Wa ka cin wake ɗanye in ba akuya ba?" in ji shi.

Na sake bayani. Ya ce to, madalla.

Na ja kunyoyi, na kafa wa kowane iri turke mai lamba. Akwai ɗaya da furensa bai zube ba ko da rana ta buɗe, 'ya'yansa dogaye miƙaƙƙu. Na ƙwallafa rai a kansa, har matata ta fara tambayata lafiyarsa. Ana gab da tsinka taifot ya kayar da ni. Na aika wa Kawu a tsinka, kowace kunya da kwandonta. Ya aiko cewa in kwantar da hankalina.

Da na warke na hau babur na je. Fili fes. An naɗe harawa an ɗora kan rumfa, turakuna a ɗaure dami guda. Kawu ya jawo buhu yana fara'a.

"Ga wakenka, ɗana. Zahin ciwo yas sa kac ce a tsinke shi ɗanye. Ko yara ban bari sun taɓa ba, sai da ya bushe sarai munka rore."

Na tsoma hannu: fari, baƙi, ja, duk a haɗe. Wanda na ƙwallafa wa rai fari ne, kamar wasu da yawa.

"Kawu, wanne ne wanne?"

"Duk wake na."

Hawaye suka cika mini ido, shi kuwa ya ɗauka na murna ne. Na durƙusa na yi godiya.

Da shinkafa muka cinye shi a gida. Wanda nake so yana ciki, ban san a wace loma ba.