Yaya Asabe da Gwiwar 'Yan Mata

Shekara tara ke nan da rasuwar yayata Asabe, malamar wasanni a wata makarantar 'yan mata da ke nan Nassarawa GRA. Ita ta kawo musu sofbol, wasan nan da ake dukan ƙwallo da sanda. Har dariya ake yi mata, don sai ta ɓata makonni tana koya wa yara juya ƙafa kafin ta bari su taɓa sandar. Takan ce, "Gwiwar mace ba ta namiji ba ce. In kika kafe ƙafa kika murɗa jiki, jijiyar ciki ce za ta tsinke. Ɗaga dunduniya, ƙugu ya juya, gwiwa ta bi shi."

Yanzu 'yata Nusaiba ce ke wasa a wannan filin, kuma gwiwarta nake ji wa tsoro. Sabon kocin saurayi ne mai daɗin baki, amma ni bai kwanta mini ba. Kullum wayarsa na sama yana ɗaukar inda ƙwallo ta faɗa. Ban taɓa ganin ya dubi ƙafar yarinya ba.

Kwanan baya Zainab, ƙawar Nusaiba, ta kai wa ƙwallo duka ta zube riƙe da gwiwa tana ihu. Aka ce santsi ne ya kwashe ta. Santsi da rani, a filin da ko ban ruwa ba a yi masa? Kocin da kansa ya matsa a kai ta wurin mai ɗori a unguwar Gama. Dattijon ya laluba bai ji karaya ba, ya ce targaɗe ne, ya ja ƙafar ya ɗaure. Ban ga laifinsa ba. Amma me ya sa kocin ke gudun asibiti, inda hoto zai nuna komai? Yau Zainab a kan kujera take salla.

Na tsare Nusaiba da tambaya. Ta sunkuyar da kai. "Umma, koci cewa ya yi duk wadda ta yi magana a kan faɗuwar Zainab ba za ta je gasa ba."

Allah Ya jiƙan Yaya, da tana raye da tuni ta tayar da makarantar tsaye. Ni ko riƙe sandar ban iya ba, taurin kanta kawai na gada. Na kai Zainab da mahaifiyarta asibiti, hoto ya nuna jijiyar gwiwa ce ta tsinke, na kuma cire 'yata daga wasan.

Nusaiba ba ta je gasar ba, har yau gaisuwar safe ma da ƙyar take yi mini. Ta yi ta fushinta, muddin da gwiwoyinta biyu take durƙusawa ta gaishe ni.