Shaidar da Ba Ta Zo Ba

Da na gama makarantar kimiyya a Kaura Namoda, kawuna, wanda dillalin shanu ne a Shinkafi, ya ba ni aikin farko. Satar shanu ta yi yawa, kowa aka gani da dabba a hanya sai an tambaye shi inda ya samo ta. Dillalai suka ce in yi musu manhaja mai ajiye hoton dabba da sunan mai saya da na mai sayarwa.

Kaina ya fasu. Na ce ba za mu sayi kwamfutar ajiya ba, balle mu yi jinyarta da batir da fanka. Kasuwa sau ɗaya take ci a mako, me zai sa mu kunna na'ura kwana bakwai? Na ɗora komai a kan na'urorin wani kamfani na ƙasar waje, waɗanda ba sa tashi sai an kira su ta intanet, kuma iya aikin da suka yi ake biya. Har yau ina cewa dabarar ta dace da aikin da ke zuwa jefi-jefi. Abin da ban lissafa ba shi ne sabis ɗin waya na garinmu.

Wata ranar kasuwa wani dattijo manomi daga wani ƙauyen Zurmi ya sayi bijimin huɗa a hannun kawu. Na yi masa rajista da safe, na ce ba sai ya riƙe takarda ba, ko'ina aka tare shi a duba waya. Kafin azahar sabis ya ɗauke, bai dawo ba sai bayan kwana huɗu. 'Yan sintiri suka tare dattijon a hanya dab da gida, waya ta ƙi buɗewa, suka riƙe shi da sansa a gaban mutanen ƙauyensu. Sai da labari ya iso, kawu ya hau babur ya je da kansa ya ce shi ya sayar.

Kunya ta hana ni cin abinci, amma na je har gidan dattijon na ba shi haƙuri. Na shiga yi masa bayanin cewa hotonsa da sunansa suna nan, ba abin da ya ɓata. Ya bar ni na gama.

"Ɗana, na'urarka ta san ni ba ɓarawo na ba," in ji shi. "Amma da anka tara min jama'a, kawunka na gani ya taho."

A makon nan na sayi tsohuwar kwamfuta da sola, na kafa su a rumfar dillalai, da injin buga takarda. Yanzu komai a nan yake fara zama, in sabis ya samu kwafi ya tafi waje. Ni ke share ta, ni ke duba batir, duk wahalar da na guda ta dawo kaina, kuma na karɓa. Dattijon bai sake sayen dabba a Shinkafi ba. A ƙauyensu har yau akwai masu cewa ai an taɓa kama shi.