Jajayen Ƙwayoyi a Cikin Tuwo

Da cikina na fari ya kai wata huɗu, mijina ya goya ni a keke zuwa asibiti a Funtua, muka ce wa mutanen gida gwaggona za mu gaisar. Ungozoma ta duba idona ta ce jinina ya yi ƙasa, ta ƙunsa mini jajayen ƙwayoyin ƙarin jini a takarda. Biyu na sha suka tayar mini da zuciya, na tura sauran ƙarƙashin tabarma.

A wancan zamani mace ba ta yarda a san tana da cikin fari, balle surukai. Ni kuwa kunyata ta fi ta kowa, har alfahari nake da ita. Ranar da uwar mijina ta ce za a yi wa ɗakina sabon daɓe, sai na rasa inda zan kai ƙwayoyin. Na cusa su duka cikin malmalar tuwon jiya, na cilla bayan danga, ina ganin na yi dabara.

Surukina yana da wani jan kare da ke kore masa birai a gonar masara. Tsohon ya fi sakar masa fuska a kan 'ya'yansa. Da la'asar aka tsinci karen a gindin rumbu yana amai da jini.

Aka ɗura masa nono, aka ɗura manja. Washegari ya miƙe har yana kaɗa wutsiya, na ce Allah ya rufa mini asiri. A ranar nan malamin dabbobi yana ƙauyenmu yana yi wa shanu allura, surukina ya kirawo shi. Ina jin su ta danga, ina tuƙin tuwo.

"Baba, me ya ci? In na sani, sai in san abin da za a yi masa, ko in tafi da shi Funtua."

"Wallahi, Malam, ban sani ba. Duk na tambayi mutanen gida."

Ni bai tambaye ni ba, don ko ido ba ma haɗawa. Taku biyar ne tsakaninmu. Amma in na ambaci ƙwayoyin, kowa ya san irin matan da ake ba su. Na sunkuyar da kai na ci gaba da juya muciya. Malamin ya ce tunda ya miƙe a yi ta ba shi ruwa, ya hau kekensa.

Kashegari da hantsi karen ya mutu. Har yau in na tuna, sai in ji kunya ta rufe ni, kuma ba irin wadda nake alfahari da ita ba.

Surukina ya binne shi da hannunsa. Da ya shigo, ya tsaya daga nesa yana kakkaɓe ƙasa, ya ce wa uwar mijina, "Ki gaya wa yarinyar nan ta daina zuwa bayan danga. Akwai mugun abu a wurin, ga shi ba ita kaɗai ba ce."