Rabon Kada

Kakarmu Iya Abu ba ta fara tatsuniya sai ta tura gyaɗa cikin toka. Bayan sallar isha'i mukan zagaye murhunta, a ƙauyenmu kusa da Dayi, kwaɗi na ta surutunsu a rafin bayan gida. A lokacin rafin yana da gurbi mai zurfi da ko bazara ba ta ƙafar da shi. Akwai tarwaɗa, akwai guza, ga wani tsohon kada da ke shan hantsi a kan yashi.

Ni ta fi tsokana. "Matso, maigida, kai da ba ka kawo cefane, sai kunne."

Labarin da ta fi maimaitawa na wani manomi ne da ya ƙulla alkawari da kada. Manomi zai bar taku goma daga bakin ruwa, ba gatari ba fartanya, itatuwan giyayya da ciyawa su tsaya. Kada kuma zai tokare gaɓar da bayansa. Da manomin ya rasu, ɗansa ya ce wannan ai asarar ƙasa ce, ya sare, ya dasa albasa.

"Sai kada ya cinye shi?" Kullum sai na tambaya.

"Ko taɓa shi bai yi ba," in ji Iya. "Tafiyarsa kawai ya yi. Ruwa ne ya zo bincike."

Ba a tatsuniya kaɗai abin yake ba. Kowace gonar bakin rafi tana da wannan taku goma, ana ce masa rabon kada.

Ni na fara sare namu. Na dawo daga karatu a Funtuwa ina jin na fi kowa wayo. Na sayar da itacen, na bar masu tifa suka kwashi yashi. Maƙwabta suka ga na yi babur, suka bi sahu. Gurbi ya ƙafe, kada ya ɓace.

Har yau haushin kaina nake ji. Shekara da shekaru ina jiran kada ya ci mutum, ban gane tafiyarsa ce hukuncin ba.

Damina uku ruwa yana cin gaɓa. Ya ci albasar da na dasa a wurin, ya ci gonar, bana ya isa tsohuwar maƙabarta. Muka fita da sassafe don mu mayar da mamatanmu tudu. Na san daidai inda muka kwantar da Iya. Na tona da hannuna har azahar, ban tarar da komai ba sai yashi.