Harafin v na Baba Hachoongo

Shekara ashirin da uku Baba Hachoongo ya yi a ɗan gidan rediyonmu da ke kan hanyar Choma, kuma ban taɓa ganin ya kama linzamin kwamfuta da son ransa ba. Baƙin allo ne nasa. Zai gyara tabarau, ya rubuta umarni da yatsu biyu. Da can shi ke yawo ƙauyukan kwari a kan keke yana naɗar muryoyin tsofaffi, waƙoƙin shanu da labarin tashin da suka yi lokacin da ruwan madatsa ya cinye gonakinsu. Da gwiwa ta gaza, aka ba shi ajiyar muryoyin. Kaset-kaset ɗin da ya naɗa sun daɗe da lalacewa, abin da ya kwafa a kwamfuta shi kaɗai ya rage. Kowane fayil sunan mai muryar ya sa masa, da na ƙauyensu.

In zai kwance ƙunshin fayiloli sai ya rubuta umarnin tar, ya sa x na kwancewa, ya cusa v kafin f mai nuna ƙunshin. Wannan v ɗin shi ke sa kwamfuta ta jero sunan duk fayil ɗin da ta fitar. Sai ya zauna da kofin chibwantu, kunun masararmu, yana bin sunayen da leɓe, wanda ya wuce masa ya koma sama ya duba.

Ni kuwa na zo da digirina daga Lusaka, kaina ya kumbura, abin yana ba ni haushi.

"Baba, kiran suna kake yi kamar malamin firamare? Ko amsawa za su yi?"

"Nchimunya ɗana, wanda bai zo ba nake nema."

"Ai kwamfuta ba ta mantuwa."

"Abin da ka ba ta ne ba ta mantawa."

Na yi dariya, har na riƙa kwaikwayon leɓensa a wurin cin nshima, tuwon masararmu.

Da aka kawo sabuwar kwamfuta, Baba yana asibiti an yi masa aikin ido. Manaja ya ce a kwashe komai, 'yan sashen labarai na jiran tsohuwar. Na ɗaure muryoyin a ƙunshi ɗaya, na kwance a sabuwar. Ban sa v ba. Na haɗa wani ɗan layi mai cika daga sifili zuwa ɗari, har da nuna mintocin da suka rage, na kira abokan aiki su ga yadda ake yi a zamanance. Layi ya kai ɗari bisa ɗari. Na goge faifan tsohuwar kwamfutar tas kafin azahar, na miƙa.

Layin bai yi ƙarya ba, duk abin da ke cikin ƙunshin ya fito. Sai dai muryoyin ƙauyen Siameja suna wani lungu dabam na faifan, ban sa su a ƙunshin ba tun farko.

Ranar da Baba ya dawo da auduga a ido ɗaya, ya sa na jero masa sunayen. Ya bi su har ƙarshe, ya sake bi. Ya ce, "Mutanen Siameja fa? Su goma sha ɗaya ne." Ya ɗauki kofinsa ya fita. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

Bayan mako uku wata mata ta zo, Bina Choolwe, ta yini a bayan mota daga Siameja, can kwari. Za su sa dutse a kabarin mahaifinta, tana so jikokinsa su ji muryarsa ranar. Baba ya yi mata alkawari tun bara. Ina tsaye a bakin ƙofa ina ji.

Baba ya ce, "'Yata, muryar ta ɓace. A hannuna ta ɓace, tsufa ne. Ki yafe mini."

Na buɗe baki. Wallahi na buɗe, amma ba abin da ya fito. Kunya ce ta riƙe ni, kuma shirun ya fi ɓarnar muni, na sani tun a lokacin.

Matar ta ce, "To ai kai ka ji shi. Me ya ce?" Baba ya rufe idonsa mai lafiya ya rera mata abin da ya tuna na waƙar, baiti biyu da rabi, kan wani jan sa da tsohon ya rasa a hanyar tashi. Ta sa ya maimaita har sau uku.

Da za ta tafi ta kwance buhun gyaɗar da ta kawo, ta raba biyu. Ta ajiye wa Baba rabi, ta miƙo mini rabi.

"Karɓi ƙanena. Baba ya ce kwana uku ka yi kana nema mini. Allah ya saka."

Na sa hannu biyu na karɓa.